Tun Yaushe Mutane Suka San Allah Ɗaya Ne?

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ekklesiya ya zo gidanmu tare da ɗansa, saurayi wanda ya komo hutu daga jami'a. Muka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "Fasto, ga yaronka na kawo maka. Hatsina na sayar na kai shi karatu, ga shi ya komo yana ce mini wai mutane ne suka ƙago Allah." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba haka na ce ba. Malaminmu ne ya ce da fari alloli da yawa mutane su ke bauta wa, daga baya suka yi ta rage su har saura ɗaya. Ni kuwa na tambaya, in haka ne, ina gaskiyar abin da aka koya mana tun muna yara?"

Mun daɗe muna magana ran nan. Tun da ya ke mun san ba a gidan nan kaɗai a ke wannan tambaya ba, mun ga ya kamata mu rubuta abin da muka sani domin amfanin 'yan'uwa. Ba mu ga laifin yaron ba, gama matambayi ba ya ɓata. Amma akwai abu biyu da a kan haɗa su, alhali dabam su ke. Na ɗaya, sanin cewa akwai Babba guda can bisa wanda ya yi kome. Na biyu, bauta masa shi kaɗai, ba tare da ajiye wani a gefe domin ranar wahala ba. Na ɗayan tsoho ne ƙwarai, a kan same shi a wurare da yawa. Na biyun kuwa ya shigo cikin tarihi a wuri sananne, da wuya ya kahu, har yau ma bai gama kahuwa cikin zukatanmu ba.

Tsanin masana

Abin da aka koya wa yaron nan ba sabo ba ne. Cikin shekara ta 1757 wani masani na ƙasar Sikotlan, David Hume, ya rubuta cewa bautar alloli da yawa ita ce addinin farko, tsoro ne kuwa ya haife ta. Cikin 1871 wani mutumin Ingila, Edward Tylor, ya shirya maganar kamar tsani. Ya ce da fari mutum ya yi mafarki ya ga matattu, sai ya ce akwai kurwa. Daga nan ya zaci itatuwa da duwatsu da koguna su ma suna da tasu. Daga iskokin nan manyan alloli suka fito, a ƙarshe aka ɗaukaka ɗaya bisa sauran. Bisa ga wannan tsani, mutanen da ba su da rubutu ko birane suna can a matakin ƙasa, tunaninsu bai kai ga Mahalicci ba tukuna.

Ba a daɗe ba tsanin ya soma karyewa. Cikin 1898 Andrew Lang, wanda dā mai bin Tylor ne, ya nuna cewa waɗansu kabilu na Ostareliya, masu zaman farauta, suna maganar Uba guda a sama wanda ya yi duniya, yana kuwa lura da halin mutane. Wani fada na Katolika, Wilhelm Schmidt, ya ba da ransa ga wannan bincike, ya tara shaidu cikin manyan littattafai 12 waɗanda suka fito tsakanin 1912 da 1955. Shi ya ce sanin Allah ɗaya shi ne na farko, gumaka daga baya suka shigo.

Yau yawancin masana sun bar tsanin Tylor, amma ba su karɓi dukan maganar Schmidt ba. Dalilinsu shi ne, mafarautan zamaninmu ba su ne mutanen farko ba, su ma suna da nasu dogon tarihi. Rubutu kuwa bai soma ba sai wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Kristi. Abin da ya riga wannan, ƙasa ta kan ba mu kaburbura da ƙasusuwa da zane a kan dutse, amma ba ta ba mu addu'ar da mutum ya yi cikin zuciyarsa. Saboda haka malamin tarihi ba shi da shaida a kan abin da mutum na fari ya gaskata. Mu da mu ke riƙe da Littafin Farawa, cewa Allah ya yi magana da mutum tun daga fari, ta wurin bangaskiya mu ke riƙe da shi, ya kamata kuwa mu faɗi haka a sarari.

Abin da ya tabbata shi ne, sunan Babban nan yana bakin al'ummai da yawa tun kafin mai wa'azi ya iso gare su. Yarabawa suna da Olodumare, Ibo suna da Chukwu, Tibi suna da Aondo, Nufawa suna da Soko. Amma ku lura, a wurare da yawa an ɗauke shi kamar sarki mai nisa wanda talaka ba ya ganinsa. Hadaya da roƙo na kullum sai a kai wa ƙanana waɗanda a ke tsammani su ne kusa.

Daga Ur ta Kaldiyawa

Sa'ad da rubutu ya buɗe mana ƙofa, abin da mu ke gani shi ne duniya cike da alloli. A ƙasar da a ke kira Iraƙi yau, marubutan Babila sun bar wani jeri a kan allunan yumɓu mai sunayen alloli wajen 2,000. Kowane birni da nasa. Birnin Ur na allahn wata ne. Leonard Woolley ya yi tonon kufan Ur daga 1922 zuwa 1934, hasumiya mai hawa-hawa da aka gina wa allahn nan wajen shekara ta 2100 kafin Kristi tana nan tsaye har yanzu. Haran ma, inda iyalin Tera suka sauka, wurin bautar wata ne.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Cikin sura ta ƙarshe ta littafinsa, Joshuwa ya tuna wa jama'a a Shekem cewa kakanninsu, har da Tera uban Ibrahim, waɗansu alloli suka bauta wa a hayin kogi. Watau Ibrahim ɗan gidan gumaka ne. Ba a ce ya zauna ya ƙirga alloli ya rage su ba. An ce an kira shi, ya tashi ya bar ƙasarsa da danginsa. A zamanin nan barin gari barin kariyar allahn gari ne. Ibrahim ya fita ba shi da madogara sai Wanda ya kira shi. Nan ne abu na biyun nan ya soma bayyana, a cikin amanar mutum guda.

Fir'aunan da ya kafa doka

Yaron ya ce mana malaminsu ya ambaci wani sarkin Masar, wai shi ne ya fara kaɗaita allah. Gaskiya ne an yi shi. Ya ci sarauta wajen shekara ta 1353 kafin Kristi da sunan Amenhotef na huɗu, ya yi mulki shekara 17. Ya ɗaukaka Aten, watau faifan rana, ya sake sunansa zuwa Akenaten, ya gina sabon birni a wurin da a ke kira Amarna yau. Ya aiki masassaƙa su kankare sunan Amun, babban allahn Masar, daga bangayen haikali, a waɗansu wurare har kalmar "alloli" sun kankare.

To, ina ƙarshen abin? Masu tonon kufai sun shiga gidajen ma'aikata a Amarna, birnin sarkin kansa, suka sami layu da ƙananan siffofin Bes da Taweret, tsofaffin allolin da mata su ke kira ranar haihuwa. A fili ana bin dokar sarki, a cikin ɗaka kuwa ana nan yadda a ke. Da sarkin ya mutu, ba a yi shekaru da yawa ba aka bar birnin ya zama kango. Yaron da ya hau gadon daga baya, Tutankaten, ya mai da sunansa Tutankamun, aka buɗe tsofaffin haikalai, aka cire sunan Akenaten daga jerin sarakuna.

Cikin 1939 Sigmund Freud ya rubuta cewa daga wurin sarkin nan Musa ya ɗauko koyarwarsa, amma yawancin masana tarihi ba su yarda ba. Bambancin a fili ya ke. Aten halitta ne da a ke gani da ido, Allah na Musa kuwa ya hana a bauta wa rana ko a yi masa siffa. A Amarna sarki ne kaɗai ya san Aten, jama'a ta wurin sarki su ke bi. A Sina'i kuwa da dukan jama'a aka yi alkawari, bayin da aka fisshe su daga hannun wani Fir'auna, sarki da talaka duk a ƙarƙashin doka ɗaya. Shi ya sa annabi Natan ya iya tsayawa gaban Dauda ya tsauta masa, Iliya kuma ya tari Ahab a gonar Nabot.

Abin da aka tono a ƙasar Isra'ila

Sunan Isra'ila ya fara bayyana a wajen Littafi Mai Tsarki a kan wani dutse na Fir'auna Mernefta, na wajen shekara ta 1208 kafin Kristi, wanda Flinders Petrie ya samu cikin 1896. A kansa sarkin yana fahariya cewa ya hallaka su. Ƙaramar al'umma ce a tsakiyar Kan'aniyawa. Mun san allolin maƙwabtan nan nasu da kyau yanzu, gama cikin 1928 garmar wani manomi a bakin tekun Suriya ta buɗe wani kabari, daga nan aka gano birnin Ugarit da allunansa, masu labarin El da Ba'al da Ashera.

Ga abin da ya fi damun yaron. Cikin 1975 da 1976, a wani kufai cikin hamadar Sina'i mai suna Kuntillet Ajrud, an sami manyan tuluna na wajen shekara ta 800 kafin Kristi, da rubutun Ibrananci a jikinsu. Marubucin yana sa albarka da sunan Yahweh tare da Asherarsa. A Urushalima da garuruwan Yahuza kuma an tono ƙananan siffofin mace na yumɓu, ɗaruruwa, cikin gidajen mutane. Malamin ya ce wa ɗalibansa, ga shaida, Isra'ilawan dā ba masu Allah ɗaya ba ne.

Muka ce wa yaron, "Buɗe Littafin Sarakuna na biyu." Ya karanta yadda Manassa ya kafa siffar Ashera cikin Haikalin Ubangiji, da yadda Yosiya ya fitar da ita ya ƙone wajen shekara ta 622 kafin Kristi. Muka tuna masa Irmiya, wanda ya yi kuka cewa kowane gari na Yahuza yana da nasa allah, mata kuma suna toya waina domin wadda su ke kira sarauniyar sama. Muka tuna masa Iliya a Dutsen Karmel, shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450. Mutanen da suka taru ran nan ba su yi musun Ubangiji ba. Suna so su riƙe shi domin yaƙi, su riƙe Ba'al domin ruwan sama. Iliya ya ce musu su zaɓi ɗaya. Hausawa ma sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ashe abin da masu tono suka fitar daga ƙasa shi ne abin da annabawa suka yi shekaru ɗaruruwa suna faɗa a kai. Da a ce Isra'ila duka sun bi Allah ɗaya tun daga Sina'i, da ba a bukaci annabi ko ɗaya ba. Masana da yawa suna cewa da fari Isra'ilawa sun fahimci dokar a kan cewa su bauta wa Yahweh kaɗai ko da sauran al'ummai suna da nasu, daga baya ne suka gane sarai cewa sauran ba kome ba ne. Wannan bai kamata ya girgiza mu ba. Uba ya kan hana yaro wasa da wuta tun kafin yaron ya san abin da wuta ta ke. Allah ya fara neman biyayya, ganewa ta biyo baya. Wanda ya yi girma shi ne fahimtar mutane, Allah kuwa yana nan yadda ya ke.

Cikin bauta a Babila

Cikin 1868 an sami wani dutse a Dibon, a ƙasar Urdun ta yau, wanda Mesha sarkin Mowab ya sa aka rubuta wajen shekara ta 840 kafin Kristi. Mesha ya ce allahnsa Kemosh ya yi fushi da ƙasarsa, shi ya sa Omri sarkin Isra'ila ya danne ta, daga baya Kemosh ya ba shi nasara. Haka al'ummai su ke tunani: kowace ƙasa da allahnta, idan ƙasar ta tashi ya tashi, idan ta ƙare ya ƙare. Mowab ta shuɗe, yau ba mai kiran Kemosh.

Haka ya kamata ya faru da Isra'ila. Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa cikin 722 kafin Kristi. Cikin 586 rundunar Nebukadnezzar ta ƙone Haikalin Urushalima, aka kwashe manyan gari zuwa Babila. Ba sarki, ba bagade, ba ƙasa. A can kamammun suna ganin yadda a kan ɗauko siffofin Bel da Nebo a zaga da su cikin birni ranar idin sabuwar shekara, da dukan darajar mulkin da ya ci su. Mai hankalin duniya sai ya ce, allahn Babila ya fi ƙarfi, mu koma gare shi.

Amma maganar da ta zo wa kamammun nan, wadda mu ke karantawa daga sura 40 ta Littafin Ishaya zuwa gaba, ita ce mafi ƙarfi cikin dukan Tsohon Alkawari a kan cewa babu wani sai Shi. Annabin ya kwatanta masassaƙi wanda ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama, ya sassaƙa sauran ya durƙusa masa. Ya ce allolin Babila kaya ne a bayan dabbobin da suka gaji, Ubangiji kuwa shi ne mai ɗaukar mutanensa tun daga ciki har furfura. Har ya kira Sairus na Farisa, wanda ya ci Babila cikin 539, ma'aikacin Ubangiji, ko da ya ke Sairus bai san shi ba. Mutanen da aka ƙwace musu kome su ne suka shaida wa duniya cewa Allahnsu shi ne Allahn dukan al'ummai. Masu tonon kufai sun lura cewa bayan komowa daga bauta, siffofin yumɓun nan sun kusa ɓacewa daga gidajen Yahuza. Abin da dokar sarki Yosiya ba ta gama ba, wahala ta gama shi.

Tsadar kalmar "kaɗai"

Helenawa ma sun kai ga tunanin Allah ɗaya ta hanyar hankali. Wajen shekara 500 kafin Kristi wani mai hikima, Zenofanis, ya yi wa mutanensa ba'a cewa da dawakai suna da hannu, da sun zana allolinsu da kamannin doki. Ya ce akwai Allah guda mafi girma wanda ba ya kama da mutum. Amma wannan sani bai rufe haikali ko ɗaya ba. Sa'ad da Bulus ya isa Atina bayan shekaru fiye da 500, ya tarar da birnin cike da gumaka. Allahn masu hikima amsa ce ga tambaya, ba ya neman kome daga wurin mutum.

Ekklesiya ta fari kuwa ta biya tsada. Da aka tambayi Ubangijinmu Yesu doka mafi girma, ya koma ga shaidar Isra'ila cewa Ubangiji ɗaya ne, a ƙaunace shi da dukan zuciya. Manzanni Yahudawa ne, ba su taɓa ganin sujadarsu ga Yesu kamar ƙarin allah na biyu ba, shaidar bangaskiya da aka rubuta a Nikiya cikin shekara ta 325 kuwa da Allah ɗaya ta fara. Romawa ba su damu mutum ya bi Kristi ba, muddin ya ƙara da allolin mulki. Cikin shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya umarta kowa ya miƙa hadaya ya karɓi takardar shaida. An sami irin takardun nan fiye da 40 a Masar. Ɗan turare kaɗan a kan wuta, sai mutum ya koma gida lafiya. Waɗansu masu bi sun miƙa, waɗansu sun sayi takardar, waɗansu kuwa sun mutu a kan kalma guda, watau "kaɗai."

A ƙasarmu

Sunan nan Allah, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya yi amfani da shi sa'ad da ya fito cikakke cikin 1932, daga Larabci ya zo mana, ɗan'uwan Elohim na Ibrananci ne. Larabawan Makka sun san sunan tun kafin Musulunci, amma suna da gumaka a Ka'aba har shekara ta 630 da aka kawar da su. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiran koyarwar nan tauhidi, su ma sun san bambancin faɗa da baki da riƙo da zuciya.

Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a Dutsen Dala da bautar Tsumburbura. Ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin sarki Yaji, wanda a ke lissafin mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Amma ya kuma ce ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya yi masa wuya, ya koma ga tsafin kakanninsa domin neman nasara. Bayan shekara 400, a kwanakin jihadin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ƙarar mutanen da su ke shaida Allah ɗaya suna kuma yanka wa itatuwa da duwatsu. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafinsa cikin 1946, ya tarar sun yarda Allah ne bisa kome, amma yankansu na iskoki ne, kowane iska da irin dabbar da ya ke so. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan gidajen nan ne. Kakanninmu ba su taɓa musun Allah ba.

Muna cikin wannan magana sai yaron ya ɗaga kai, ya ce a hankali, "Baba, ka gafarce ni. Shekarar da ƙanwata ta yi ciwon nan, wa ya kai baƙin zakara gindin tsamiya?" Zauren ya yi tsit. Can dattijon ya ce, "Tsoro ne, ɗana. Na yi addu'a, na ga kamar ba a ji ba." Ba mu tsauta masa ba, gama laifi tudu ne, mu ma mun san inda zuciyarmu ta kan gudu idan dare ya yi tsawo. Amma mun gane ran nan cewa ba malamin jami'a ne ya fara raunana bangaskiyar yaron nan ba. Tun yana ƙarami ya ga cewa Allahn da a ke yi wa waƙa ran Lahadi, ba shi kaɗai a ke dogara gare shi ran Talata ba.

Wata ƙara da ya kamata mu ji

Akwai masu cewa bangaskiya ga Allah ɗaya ita ce uwar tsanani, gama mai allah ɗaya ba ya haƙuri da na wani. Hume ma ya faɗi haka. Kada mu yi saurin musu. Da ekklesiya ta sami iko, Kaisar Tiyodosiyus ya hana hadayun gumaka da doka cikin 392. Sharlaman sarkin Farankawa ya kafa wa Saksonawa doka cewa wanda ya ƙi baftisma a kashe shi. Malaminsa Alkuwin ya rubuta cikin 796 cewa a kan iya tilasta wa mutum baftisma, amma ba a iya tilasta masa bangaskiya. A ƙasarmu ma mun ga jini ya zuba tsakanin mutanen da dukansu su ke cewa Allah ɗaya ne.

Wannan hanyar Akenaten ce, mun kuwa ga ƙarshenta: biyayya a fili, layu a ɗaka. Idan da gaske Mahalicci ɗaya ne, to, shi ne ya yi maƙwabcin da ba ya sujada tare da mu, daga jini ɗaya da mu, kamar yadda Bulus ya faɗa wa mutanen Atina. Wanda ya ɗaga adda a kan maƙwabcinsa domin ya kāre Allah ya mai da Allah irin Kemosh, allahn kabila guda wanda ya ke bukatar mayaƙa. Gumakan da aka umarce mu mu fara rushewa su ne na cikin gidanmu.

Mu fa?

Ya 'yan'uwa, ga amsar da muka ba yaron. Tarihi bai nuna cewa mutane sun ƙago Allah ba. Abin da ya nuna shi ne, mutane sun daɗe da jin labarin Babban nan, sun kuwa daɗe suna guje wa bauta masa shi kaɗai. Ya nuna kuma cewa inda bautar nan ta kahu, ta wurin kira da alkawari da wahala ta kahu, a hannun marasa ƙarfi. Manzo Yaƙub ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne. Ƙirga ba ta ceton kowa.

Saboda haka bari kowannenmu ya bincika kansa. Ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi, bayan addu'a da asibiti, akwai wani wuri na uku da mu ke zuwa da dare? Ranar shari'a, ko ranar neman aiki, me ke ɗaure a ƙugunmu? Akwai kuma gumakan da ba a sassaƙa su, irin su kuɗi, da sunan kabila, da babban mutumin da mu ke tsoronsa fiye da Allah. Iyaye, idan 'ya'yanku sun komo da tambaya, kada ku rufe musu baki. Ku zauna ku buɗe Littafi tare, ku kuma tabbata abin da su ke gani a gida bai ƙaryata abin da ku ke faɗa ba. Ku samari, ku yi karatu da ƙwazo, ku bi shaida har ƙarshenta, kada ku tsaya a rabin labari.

Kafin su tashi ran nan mun durƙusa mu uku, dattijon ne ya yi addu'a, ya roƙi gafara a gaban ɗansa. Yaron ya koma makaranta da sauran tambayoyinsa, mun kuwa ce masa ya riƙa kawo su. Muna ba da shawara kowane gida ya karanta sura ta ƙarshe ta Joshuwa, da labarin Iliya a Karmel, da Ishaya sura 44 zuwa 46 a lokacin addu'ar iyali cikin watan nan. Allah ya ba mu zuciya ɗaya domin mu bauta masa shi kaɗai. Amin.